Keken Malam Ilu da Ƙwayar Zarra

Tun da aka kafa allo a ƙasar Katsina, ba a yi mutumin da abu mafi ƙanƙanta a duniya ya hana wa sukuni kamar Malam Ilu ba. Ku da kuka san shi kun sani, ba ya rufe magana sai da “zuwa yanzu dai”, ko da sunansa aka tambaya.

Asalin abin, shekararsa ta farko a firamaren Faskari ya koya wa ajinmu, daga wani tsohon littafi, cewa ƙwayar zarra ba ta tsaguwa. Haka wani Bagirike ya ce, haka wani malamin makaranta na Ingila ya jaddada. Da aka tura shi kwas, sai ya ji ashe an tsaga ta tun yana goye. Ya dawo duk ya rame.

“Ƙarya na shuka a kawunan ɗiyan mutane,” in ji shi. “Ranar hisabi in ce mi?”

Mu kuwa mun watse. Shekarun da kuɗin mai suka sa kowane malami ya hau babur, shi tsohon kekensa ya hau, da jerin sunayenmu a aljihu, yana bin mu ɗai-ɗai.

A Tafoki ya iske Sule yana huɗa.

“Tsai da shanun nan! Zarra tana da ciki. Wani ya gano ’yan ƙanana a warwatse cikinta, kamar wake cikin shinkafa.”

“To, Malam.”

“Kada ka ce to! Almajirinsa ya ƙaryata shi.”

“To wanne zan riƙe?”

“Riƙe garmarka, zan dawo.”

A kasuwar Sabuwa kuma Hajiya Abu mai awo ya tare. Ya bayyana mata yadda aka harbi fallen zinariya, abin harbin ya yi ta wucewa, aka gane zarra yawancinta fanko ce, sai ɗan ƙwallo a tsakiya.

Wani mai saye ya ce, “Ka ji ko! Ashe shi ya sa tiyarta ba ta auki.”

“Malam,” in ji Hajiya, “na yafe duniya da lahira, bar mini kasuwa!”

Ni ne na ƙarshe. Ya same ni ina akawu a Kankara, yana tura keken, don lokacin ba ya iya hawa. Ya durƙusa ya zana da’irori a ƙasa, sai da ya kawo tarihin tun daga Bagiriken.

“Ka yafe mini?”

“Na yafe, Malam.”

“Zuwa yanzu dai?”

“Har abada.”

Ya soke sunana, ya ninke takardar. Kafin a yanke dawa ya rasu.

Allah Ya jiƙan Malam Ilu, Ya nauyaya masa mizani, Ya ba shi natsuwar da bai samu a nan ba.

Ranar da ya yi wancan darasin a firamare ina gida, ƙyanda nake yi.