Bajimin da Ya Kusa Cin Aikin Mainasara

A shekarun da sabulu da shinkafa suka zama sai an bi layi, Mainasara ne makanikin gidan waya na Bodinga. Injin da ke haɗa kira yana wani ɗaki mai sanyi, yana ƙas-ƙas kamar gyare da damina. A gefensa akwai 'yar na'ura mai buga duk abin da ya sami injin a doguwar takarda: wane layi ya faɗi, yaushe ya faɗi, yaushe ya farfaɗo. Mainasara yana karanta wannan takarda kamar mai duba fuskar jinjiri.

Sai layin garin Shagari ya kama ɗaukewa. Babban injiniya ya bugo daga Sakkwato, ya ce gwamnati na rage ma'aikata, in wata ya mutu layin bai gyaru ba, da Mainasara za a fara.

Mainasara ya goge, ya ɗaure, ya canza fis ɗin wuta, a banza. Ya nemi takardun makonnin baya, babu su.

"Baba Sodangi," ya ce wa maigadi, "ina takardun da injin ya buga?"

"Waɗanga marasa hoto? Daso na ba, tana ƙunshe ƙosai."

"Ƙosai!"

"Awo. Ta ce takardar gwamnati ba ta yoyon mai."

Ya sami Daso a bakin tasha, naɗin takardar rataye a ƙusa.

"Inna, ki yi wa Allah ki ba ni."

"Ɗan nan, takarda ba ta tafiya ita kaɗai, sai da ƙosai."

Haka Mainasara ya dinga saye, yana ci, yana miƙar da takarda yana ɗaga ta wajen rana. Kumatunsa suka ciko, matarsa Kulu ta daina yi masa magana, wai ya raina tuwonta.

Da ya jera takardun a tabarma, sai ya lura layin ba ya faɗuwa sai rana ta take tsaka, kuma faɗuwar ta rangaji ce, ya tafi ya dawo, ya tafi ya dawo. Injin da ke ɗaki mai sanyi ina ruwansa da zafin rana? Ciwon yana waje.

Ya hau keke ya bi turakun waya. Kusa da Lambara ya tarar da garke a inuwa, da wani farin bajimi yana goga tozonsa a jikin turke, idonsa a lumshe don daɗi. Can sama wayoyi na karo da juna.

"Malam, ka kore shi mana," ya ce wa makiyayin, Hammadu.

Hammadu ya miƙo masa sanda. "Bisimilla."

Mainasara ya dubi ƙahonin, ya mayar da sandar.

Washegari ya dawo da gungumen gawo a kan jaki, ya kafa shi can gefe, ya shafe shi da jiƙaƙƙiyar kanwa. Bajimin ya sansana, ya lasa, ya juya tozo. Bai sake kallon turken gwamnati ba.

Wata ya mutu layin bai sake faɗuwa ba, aka sallami waɗanda aka sallama, babu Mainasara. Har ya yi ritaya, duk rani yakan ɗaura ƙullin kanwa a bayan keke ya nufi Lambara.