Tambayar da Aka Yi wa Manu a Gaban Mahaifinsa

Daminar bana ta cika shekara bakwai da rasuwar abokina Manu, ɗan wata rugar Fulani da ke kusa da Sarandosa a ƙasar Maiyama. Ban ga sunansa a jarida ba sa'ad da ya rasu, ban kuwa yi tsammanin gani ba, domin bai riƙe sarauta ba, bai ma ƙare makaranta ba. Amma tun da na gama koyon aikin malanta aka maido ni makarantar da muka zauna tare a ƙasar Jega, kowace la'asar nakan tsaya a filin ƙwallon da ƙafarsa ta karye, ina hura wa yara usur. Shi ya sa nake roƙon masu karatu su ba ni aron hankalinsu, in faɗi yadda muka tsare gidanmu bayan ya faɗi, da abin da hakan ya ci masa.

Ni da shi babu wanda ya zo makaranta da son ransa. An ce kowane hakimi ya kawo yara, sai aka ɗauko ni daga fadamar albasar mahaifina a Jiga Birni, shi kuma aka raba shi da shanu. A lokacin ƙwallo baƙuwa ce. Baturen makaranta ne ya kawo mana ta fata guda ɗaya, dattawan gari na kallonmu suna cewa samari ashirin sun rasa aikin yi sai bin jaka mai iska. Babu takalmi muke bugawa. Mu biyu aka ajiye a baya, gaban mai tsaron gida, ni a hagu, shi a dama.

Manu ba shi ne ya fi mu gudu ba, ba shi ne ya fi mu ƙarfin ƙafa ba. Abin da ya fi mu shi ne ba ya bin ƙwallo. Yakan tsaya ya dubi ɗan gaban abokan karawa kamar yadda makiyayi ke duban bijimin da ya nufi gonar mutane, ya san inda zai bi, ya riga shi zuwa, ya karkata shi zuwa gefen fili inda ba zai yi ɓarna ba. Mu kuwa da murya yake juya mu. Yana da fito iri biyu da wani kira na maƙogwaro, waɗanda ya taso yana yi wa shanunsu. Ɗaya yana nufin ka fita ka tare, ɗaya ka ja da baya, ɗaya ka tsaya inda kake ko da ƙasa za ta tsage. In na zabura ba da izininsa ba, sai in ji ya daka mini tsawa: "Kai Kaɗo mai warin albasa, ina za ka? Tsaya nan, ita za ta iske ka!" In ce masa, "Bahillace, ai ba shanu muke kiwo ba." Ya ce, "Da shanu na, da mun huta. Sun hi ku jin magana."

Bayan kaka, ƙasa ta bushe ta yi tauri, muna karawa da samarin Maiyama, wani ƙato ya faɗa masa a ƙwauri. Duk filin ya ji ƙarar, kamar an taka busasshen kara. Aka ɗauke shi zuwa Aliero, inda kowa ya san nan ne gidan ɗori. Wani dattijon maɗori ya gyara ƙashin, ya jera karan ɗori ya ɗaure, ya kuma kafa sharaɗi ɗaya: kada a motsa shi daga tabarmar nan sai ranar da shi da kansa ya ce.

Bai daɗe da kwanciya ba labari ya zo cewa Baturen makaranta zai kawo samarin wata makaranta daga babban birni su kara da mu, hakimi ma zai zo kallo. Babban malaminmu, wanda ba zan ambaci sunansa ba, yana sa ran ƙarin girma a shekarar, ya kuwa san Baturen na auna malami da abin da yaransa suka yi a fili. Nan aka shiga neman abin toshe gurbin Manu. Aka maido Ɗanjuma, dogonmu na gaba, zuwa baya, amma ƙafarsa ta saba da neman raga, da ya ga ƙwallo sai ya bi ta ya manta da mu. Aka ce to a yi mu uku a baya. Mu ukun sai mu ruga wa ƙwallo tare kamar kaji sun ga tsaba, mu bar mai tsaron gida shi kaɗai da Allahnsa. Har yaran ƙananan aji suka fara cin mu a gwaji. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ƙafafu muna da su, ido da murya ne suka kwanta a Aliero.

Babban malami ya gane haka kafin kowa, domin ba wawa ba ne. Ya ce ba ƙafar Manu yake bukata ba, bakinsa kawai: a ɗauko shi a kan jaki, a zaunar da shi bayan raga, ya riƙa kira. Ya tafi Aliero da manzon hakimi da wasunmu. Maɗorin ya ƙi. Ya ce, "Malam, ƙashi bai kama ba. In ya hau jaki yau, kada a maido min shi gobe a ce aikina na." Babban malami bai yi gardama ba. Ya zauna a zaure yana hira, yana jan lokaci, har mahaifin Manu ya iso da ƙwaryar nono, kamar yadda yakan yi kowace ranar kasuwa.

A nan ne nake so mai karatu ya tsaya. Babban malaminmu cikin Fulani ya girma, yana jin harshensu kamar nasa. Ya san abin da kowa ya sani a ƙasarmu, cewa saurayin Bafulatani ba ya cewa wayyo, ko da bulala tana tsaga fatarsa a dandali, balle a gaban mahaifinsa. Ya kuma san uba ba ya nuna tausayin ɗansa a idon jama'a. Sai da zauren ya cika, uban na zaune, sannan ya juya ya ce, "Manu, ƙafar tana maka ciwo ne? In ba za ka iya jurewa ba ka faɗa, ba mai ganin laifinka." Manu ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komi, Malam." Uban ya kawar da fuska ya dubi bango. Na ce, "Malam, ai Baba maɗori ya ce..." Ya katse ni: "Garba, ƙafarka ce? Mai ita ya yi magana." Ba a yi wa Manu dole ba, kowa shaida ne. An dai yi masa tambayar da aka san amsa ɗaya gare ta.

Ranar wasan aka kawo Manu a kan jaki, ya zauna a kan tabarma bayan ragarmu, gumi na zuba daga goshinsa, leɓensa ya bushe. Amma muryar ba ta yi rawa ba. Ya yi fito na fita na tare, ya yi kira Ɗanjuma ya tsaya cak. Samarin birni, da suka fi mu iya murza ƙwallo nesa ba kusa ba, suka yi ta zuwa muna kora su gefe, har alƙalin wasa ya hura usur ba su ci mu ba, mu ma ba mu ci su ba. Hakimi ya yi murna, Bature ya miƙa wa babban malami hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Da aka kwance ɗorin a Aliero, ƙashin ya goce, ya huda nama. Ya warke a karkace, da wani miki da bai taɓa rufewa ba.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne mun iya. Bayan wasan nan kiran ya zauna mana a kunne, Ɗanjuma ya koyi fiton, bayanmu ya yi ƙarfi ba tare da Manu ba. Da aka zo zaɓen waɗanda za su wuce babbar makaranta, aka ce ba a ɗaukar gurgu, duk da ya fi ni lissafi. Ya koma ruga, inda makiyayin da ba ya iya bin shanu ba shi da gurbi. In danginsa sun tashi neman ciyawa da rani, sai su bar shi a garin Liba gidan wani manomi, yana tufkar igiya a inuwa. A can na same shi wani hutu. Bai yi mini ƙorafin komai ba. Ya ce, "Kaɗo, wa ke baya yanzu?" Na faɗa masa. Ya ce, "Suna tsarewa?" Na ce suna tsarewa. Ya ce, "To, madalla," ya ci gaba da tufkarsa. Damina biyu bayan haka mikin ya kumbura, zazzaɓi ya shige shi, ya cika.

Nakan tambayi kaina abin da zai ce da ya ga yau. Yanzu muna da ƙwallo uku, sandunan raga kafinta ne ya fere su, dattawan da ke mana dariya sun koma 'yan kallo. Yaran bayanmu suna yin fito iri biyu da kiran maƙogwaro, suna tsammanin haka Turawa suka kawo wasan. Babban malaminmu na dā ya sami girman da ya nema, ya kuma mai da Manu labarin da yake ba yara in ya zo rangadi: yaron kirki da ya zo da karyayyar ƙafa saboda son makarantarsa. Ba ya faɗin wanda ya ɗora shi a kan jaki. Na san Manu ba zai ƙaryata shi ba, ko da yana raye. Wannan kunyar tasa ita aka ci da farko, ita kuma ake ci har yanzu.

To, me ya saura? Dabararsa ta saura a fili ba da sunansa ba, labarinsa ya saura a bakin wanda bai cancanci ba da shi ba. Akwai kuma abu na uku, wanda manyanmu ke kira jahilcin Fulani in suna maganar ƙarancin yara a aji. Tun rasuwarsa rugarsu ba ta sake ba da yaro ko ɗaya ba. Bana aka haɗa ni da manzon hakimi zuwa neman yara, hanya ta bi da mu ta Sarandosa. Na hangi ƙanen Manu, mai kama da shi har tafiya, ya kora maruƙa ya shige daji da ya gan mu. Tsohon mahaifinsu ya karɓe ni da kyau, ya sa aka dama mini fura. Bai ambaci sunan ɗansa ba, domin ba al'adarsu ba ce. Da na fara bayanin amfanin karatu, ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Garba, wancan da kuka ɗauka, da ƙahwa biyu na ba ku shi. Wanga ku bar min."

Na yi shekaru ina koyon yadda ake shawo kan iyaye, amma na tashi na yi masa sallama na tafi. Allah Ya jiƙan Manu, Ya sa can ta fi masa nan.