Sunan Yaya Ilyasu a Cikin Inji

Wallahi abin da zan faɗa muku ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, wanda ya ga dama ya ce zafin Agadas ne ya taɓa mini kai. A shekarar da damina ta ƙi, dabbobi na faɗuwa a bakin hanya, sojoji kuma suka karɓi mulki, ina gyaran ordinateur, wato kwamfuta, a wani ɗan butik kusa da kasuwa. Yayana Ilyasu ne ya koya mini aikin, shi kuwa siber, wato shagon shiga intanet, yake da ita tare da abokinsa Sidi.

Su biyu suka tafi Fachi wani aiki, mota ta lalace musu a tsakiyar hamadar Tenere. Da kamiyo, babbar motar kaya, ya biyo da gurbin mutum ɗaya, Sidi ya hau wai zai nemo taimako, ya kuma tafi da bidon ruwan. Ku da ba ku san hamada ba, ku sani mai tafiya shi ke bar wa mai zama ruwa, ko ɗan yaye ya san wannan. Mai kamiyon da bakinsa ya gaya mana abin da Sidi ya yi. An tarar da Yaya a ƙarƙashin mota, harshensa ya bushe kamar kilishi. Sidi ya zo gaisuwa har da hawayensa, sannan ya riƙe siber da injin Yaya, wato ordinateur ɗinsa. Na tsane shi, ba na ɓoyewa.

Wata rana da azahar sai ga shi da injin a hammata, ko kunya babu. Ya ce, "Ƙanena, na goge komai na zuba sabon Windows, amma in na kunna sai baƙin allo." Na ce a raina, ƙanen wa? Amma na karɓa, don injin na ɗan'uwana ne.

Na tada shi da clé USB, na buɗe terminal, na buga efibootmgr, umarnin da ke nuna abin da inji zai fara nema idan an kunna shi. Sai ga na farko: Ilyasu. Ban tsorata ba tukuna, don wannan tsari ba a disque, faifan ajiya, yake zaune ba, a wata 'yar ƙwaƙwalwa yake a jikin carte mère, babban farantin cikin inji, ko ka goge disque yana nan. Na share shi, na sa Windows a gaba, na sake kunnawa. Baƙin allo. Na duba, Ilyasu ya dawo na farko. Sidi ya ce, "Ba ni ruwa."

Na miƙa masa moɗa. Na sake sharewa, na cire pil, ɗan batirin ciki, na canza disque ɗin ɗungurungum, sunan yana nan daram, sai na mayar da tsohon disque ɗin. Kuma duk kunnawar da zan yi sai Sidi ya nufi randa, har ya kai yana kafa kai a ciki, ruwa na bin rigarsa, leɓɓansa kuwa na tsagewa ina kallo. Iskar da ke fitowa daga bayan injin zafi gare ta, da na tara hannu, na rantse da Allah, rairayi ne ya zubo mini a tafi.

Shi ma ya gani. Ya kama hannuna ya ce, "Don Allah ka fasa shi, ka ƙona abin nan, ka cire mini sunansa." Na ce, "Sidi, da ka hau kamiyo, ya roƙe ka?" Ya ce, "Bai ce komai ba, kallona kawai ya yi."

To, na san inda 'yar ƙwaƙwalwar take, ƙarfen dalma na nan da zafinsa a gabana. Ban taɓa shi ba. Na juya ga terminal, da yatsuna na rubuta tsarin da kaina, Ilyasu a farko, na cire lokacin jiran da inji ke bayarwa a zaɓi wani, na ce wa Sidi, "Babba ne, shi ke gaba." Na kunna na bar shi a kunne. Har yau ban yi nadama ba, Allah ne mai hukunci.

Sidi bai kai ƙarshen watan ba. An kai shi likita, an ɗaura masa ruwa, malamai sun yi rubutu ya sha, a banza. A bakin pompon gidansu aka same shi, ciki tim da ruwa, waɗanda suka yi masa wanka suka ce harshensa a bushe yake ƙayau.

Da muka dawo daga maƙabarta na kashe injin na sake kunnawa, sai ya shiga Windows lafiya lau. Na buɗe terminal na duba, babu Ilyasu, kuma ba ni na share shi ba. Injin yana ɗakina har yanzu, ban ƙara kunna shi ba, don wani lokaci in na wuce kusa da shi sai in ji maƙogwarona ya bushe.

Ku masu gyara, in kun ga sunan mamaci a inji, ku tambayi yadda ya mutu kafin ku share. Ku kuma masu bin hamada, kome gaggawarku, ku ajiye wa mai zama ruwansa.