Ruwan da Na Yayyafa a Ƙarƙashin Ƙafar Yayana

Assalamu alaikum Edita. Lokacin da abin nan ya faru ina ajin farko na sakandaren 'yan mata, a wani ƙauye da ke bakin tur'a, wato babbar hanyar ruwan da ke shayar da gonaki, ba nisa da garin Makwar. Ni yarinya ce marar magana. Ko a aji, in na san amsa sai in rubuta ta a tafin hannu in yi shiru, har wata ta faɗa. Amma idona ba ya hutawa. Nakan san wace 'yar ajinmu ta zo ba ta karya ba, nakan san ranar da Inna ta rage sukari a shayi ba ta gaya wa kowa ba. Shi ya sa yayana yake ce mini Mufattish, kamar jami'in da ke zagaya gonaki yana duba aikin manoma.

Yayan nan nawa da safe yana hawasha, gonar da Baba yake nomawa, da yamma kuma yana kaɗa bez, wato babbar jitar nan mai tsirkiya huɗu masu kauri da ake jin sautinta a ƙirji. Shi da abokan kiɗansa 'yan samari ne na ƙauyukan nan, da mai waƙa da mai ogan, wato piyanon lantarki, da mai ganga, ana kiransu su yi kiɗa a hafla, wato shagalin aure ko na suna, wani lokaci har garin Mai Wurno. Baba bai taɓa son abin ba, amma ya ƙyale tunda aikin gona bai tsaya ba. Ni kuwa ina son jitar nan kamar tawa. Yaya ya koya mini goge tsirkiyoyin da busasshen tsumma duk sa'ad da ya dawo, don gumi ne ke sa su tsatsa. Ya koya mini naɗe waya a hankali ba a gwiwar hannu ba, don kada ta karye daga ciki. Ba a barin jita a rana ko a kan rufin mota, in ji shi, wuyanta zai lanƙwashe. In tsirkiyoyi suka mutu sautinsu ya dushe, tafasa su yake yi a ruwa ya shanya, sai su farfaɗo na ɗan lokaci. Wata rana a tukunyar miyar Inna ya yi, ta bi shi da muciya har ƙofar gida tana cewa ya zol, wato kai wannan mutum, ita ba ta haifi ɗa don ya dafa mata ƙarfe ba, in yunwa yake ji ga wainar kisra nan.

Abubuwa biyu na gani a kayansa da ban so ba. Fulogin akwatin sautinsa haƙora uku ne da shi, amma soket ɗin da ake jawowa daga janareta a gidajen biki ramuka biyu ne, sai ya sa filaya ya karya haƙori na ukun don ya riƙa shiga ko'ina. Sannan wayar wutar, daidai inda take shiga akwatin, ta zazzage, ya naɗe ta da baƙin salatif wanda zafi yake ta ɓamɓarewa. Wata rana yana gwaji a ƙarƙashin rumfa na ga ya taɓa tsirkiya ya fizge hannu, ya sa yatsa a baki. Na daure na tambaye shi. Ya yi dariya ya ce cizon tururuwa ne kawai, duk mai bez ya san shi, kuma in Mufattish ta gama bincike ta kai rahoto can birnin Sinnar. Na ji kunya, ban sake tayar da maganar ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a tasa. Ba ya kiɗa da takalmi. Da ya rataya jita sai ya tuɓe silifas ya tura su gefe. Ya ce a wajen biki ba ya jin kansa saboda ƙarar ogan da guɗar mata, amma in tafin ƙafarsa yana ƙasa, yana jin ganga tana bugawa daga ƙarƙashi, sai ya bi ta ba kuskure. Babban abin da yake kuka da shi kuwa ƙura ce. Ita ke shiga maɓallan akwatin ta sa su ƙarar tsatsa, ita ke cinye masa tsirkiya.

Aka zo auren ɗiyar Goggo, a gidansu da ke bayan namu. Yanzu ba a kai hafla dare a wajenmu, don haka aka sa ta bayan la'asar. Kowa ya san aikinmu ne mu 'yan mata mu share fili mu yayyafa ruwa kafin baƙi su zo, don ƙura ta kwanta wuri ya yi sanyi. Na ɗauki bokitina na nufi kusurwar da aka ajiye kayan makaɗa. Na san inda Yaya yake tsayawa kullum, hagu da mai ganga. Wurin nan na ba shi ruwa fiye da ko'ina. Na yayyafa, na jira ya tsotse, na ƙara, har ƙasar ta yi baƙi tana ƙamshi. Ina ta jin daɗi a raina cewa yau ko ƙwayar ƙura ba za ta taɓa masa kaya ba. Ban gaya wa kowa ba, ina so ya lura da kansa.

Da aka fara, ina cikin mata a ɗaya gefen. Na ga ya tuɓe silifas. Na ga ya taka jiƙaƙƙiyar ƙasar ya ɗaga kai yana nemana, ya ɗaga mini gira, ya gane aikina ne. Sai ya taɓa tsirkiya ya fizge hannu, fizgar da ta fi ta gida, ya yarfe yatsu, ya ci gaba. A nan ne darasin kimiyya ya faɗo mini, abin da malamarmu ta faɗa game da kahraba, wato wutar lantarki, da jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na gane ruwan da na yayyafa ne ya ƙara masa cizon. Tsakanina da shi fili ne kawai, amma fili ne da maza suka kewaye da fararen jallabiyoyi, ga kawunnai ga surukai. Na miƙe, na zauna. Na ce bari waƙar nan ta ƙare. Ta ƙare, na ce bari a gama ta gaba. Na taɓa wata 'yar'uwata don in aike ta, ta ce me ya faru, na ce ba komai.

Da ƙawayen amarya suka fito rawa, wani ya ja akwatin sautin baya don a buɗe musu wuri. Na ga wayar ta miƙe, na ga salatif ɗin ya buɗe baki. Sai sautin bez ya zama ƙugi guda ɗaya mai tsawo. Yaya ya sandare, kansa ya karkace, hannunsa na hagu ya damƙe wuyan jitar kamar an ɗaure. Abin da ba zan manta ba shi ne mutane sun tafa. Sun ɗauka salo ne. Wata tsohuwa har guɗa ta yi. Ni ce na yi ihu, kuma har yau ban san me na ce ba. Mai ogan ya kai hannu zai kama shi, Kawu ya bangaje shi gefe yana cewa kada wanda ya taɓa, ya fizgi kujerar roba ya tura Yaya da ita, wani ya ruga ya kashe janareta. Ya faɗi a kan ƙasar da na jiƙa. Wurin ya yi tsit, sai warin ƙonanniyar fata.

Allah ya yi da sauran kwanansa. Aka sa shi a mota zuwa asibitin Sinnar, Inna tana riƙe da kansa. Ya farfaɗo, amma tsirkiyoyin sun bar masa layuka a yatsu har cikin nama, tafin ƙafarsa ma ya ƙone. Da ciwon ya warke, yatsu biyu na hagu suka lanƙwashe, ba sa miƙewa ba sa jin taɓi. Da su ake danna tsirkiya. Da su kuma ake riƙe fartanya. Baba bai ce masa ai na faɗa maka ba, ko sau ɗaya. Sai dai na gan shi a hawasha yana nome kunyoyin Yaya bayan ya gama nasa, yana tsayawa yana dafe ƙugu.

Mata masu zuwa gaisuwa kowa da nata. Wata ta ce baki ne, wata ta ce makaɗan wani ƙauye ne suka yi masa asiri, wata ta ce kiɗa dama ba ya ƙarewa da alheri. Ina zuba musu shayi ina jinsu, abin yana cina. Na daina cin abinci sosai, karatuna ya ja baya. Wata rana da hantsi na iske shi a kan angarib, gadon igiya, a rumfa yana matsa ƙwallon roba kamar yadda likita ya ce, na durƙusa na gaya masa komai: ruwan, da abin da na gani, da yadda na miƙe na zauna. Ya ajiye ƙwallon. Sannan ya ce a kowane biki ana yayyafa ruwa, kuma ba ni na karya haƙorin fulogi ba. Ya ce shi ne aka gaya wa ya yi dariya. Amma da na tambaye shi ko da na ratsa filin na zo zai saurare ni, bai yi mini ƙarya ba. Ya ce mai yiwuwa da ya sa takalminsa, don kada ya kunyata ni a gaban mutane.

Bayan wasu watanni abokansa suka sami sabon mai bez, suka aiko a ara musu akwatin. Yaya yana gona, Inna ta ce in miƙa. Na duba, wayar tana nan yadda take, an dai ƙara mata sabon salatif. Saurayin da suka aiko yana tsaye a ƙofa, bakina ya ƙi buɗewa kamar kullum. Sai na koma madafa na ɗauko wuƙar Inna na datse wayar daga gindinta, na miƙa masa akwatin da guntun a hannu. Ya ce ke lafiyarki kuwa? Daga nan maganar ta zo da kanta. Na ce ya kai wa mai gyara ya sa sabuwar waya mai haƙora uku, a kuma duba cikin, in ba haka ba ya bar mana kayanmu. Na faɗa masa har ƙarshe.

Shi ya sa na rubuto. Ku masu kaɗa jita a bukukuwa, in tsirkiya ko makirufo ya ɗan cije ku, ba tururuwa ba ce, ku ajiye kayan a duba. Kada ku karya haƙorin fulogi, kada ku yarda da salatif a wayar wuta, ku nemi wanda ya san aiki ya haɗa janareta da ƙasa. Ku ɗora akwati a kan kujera, ku tsaya a busasshen wuri da takalmin roba. In wuta ta kama wani, a kashe ta tukuna, kada a taɓa shi da hannu. Ku kuma 'yan'uwana masu kunya, na koyi cewa ganin abu bai isa ba in ba a faɗa ba. Da na ratsa filin nan, da iyakarta a yi mini dariya kwana biyu.

Har yanzu ina yayyafa ruwa a gidajen biki, amma kusurwar makaɗa a bushe nake barinta, ko wa zai yi faɗa. Yaya yana zuwa, yana zama can baya inda babu waya. In an fara kiɗa nakan ga ya zare ƙafa daga silifas a hankali ya ɗora a ƙasa, hannunsa na hagu a kan gwiwa, yatsu biyu suna motsi, biyu suna kwance.