Sawun Auta a Kan Tayil

Duk wanda ya taɓa sayar wa Malama Juwairiyya Audi da wani abu a Birnin Gwari bai manta da ita ba, kuma ba don daɗin cinikin ba. Mace ce da in ta zo sayen atamfa sai ta jiƙa bakin zanen ta murza, ta ga ko zai zuba. In manja ne sai ta ɗiga a bayan hannu ta shinshina. Masu tumatir na bakin tasha suna hango ta suke fara tono ruɓaɓɓun daga ƙasan kwando da kansu, don sun san ko ba su tono ba za ta tono. Ba rowa gare ta ba, hannunta a sake yake. Abin da ba ta iya haɗiyewa kawai shi ne a raina mata hankali.

Gado ta yi. Mahaifinta, marigayi Audi, ma'aunin hatsi ne a kasuwar Damari, kuma tun tana 'yar shekara tara ya koya mata kifa mudu ta duba gindinsa, ko an doke shi ya lotsa ciki. Da wannan ido ta yi makaranta, da shi ta zama malamar lissafi a wata firamare ta cikin gari, inda ɗalibai suka haƙura da satar amsa tun zangon farko.

Su shida mahaifiyarsu, Inna Gambo, ta haifa, biyu suka rayu: Juwairiyya ta fari, sai Abdulfattah na ƙarshe, wanda kowa ke kira Auta. Da zaman Damari ya gagara saboda 'yan bindigar daji, suka tattaro suka dawo cikin gari, suka sami wani ɗan gida mai falo da ɗaki biyu. Auta ya koyi aikin tayil a Kaduna, don haka ya ce gidan uwarsa ne zai zama tallarsa. Ya shimfiɗa farin tayil tun daga bakin falo har ƙuryar ɗakunan, sumul, babu dokin ƙofa ko ɗaya a tsakani, wai kada Inna ta yi tuntuɓe. Duk baƙon da ya shigo sai ya sa shi ya tuɓe takalmi ya ja ƙafa ya ji ko akwai inda ya ɗaga.

Shi kuwa mai dokar shi ya fara karya ta. Wata ranar damina, shekara uku da suka wuce, ya dawo daga duba gonarsu ta Damari da jar laka caɓe-caɓe a takalmi, ya faɗa ɗakinsa a gurguje neman wata takarda. Inna ta bi shi da faɗa.

"Kai Auta, tayil ɗin naka ne kake yi wa haka?"

"Bar shi, Inna, kada ki taɓa. Gobe in na dawo daga kai taki ni zan goge abina."

Da safe ya ɗaure buhun taki a babur ya tafi. A hanya aka tare shi. An yi waya, an kai abin da aka ce a kai, sannan lambar ta daina shiga. Tun daga nan babu shi, babu gawarsa, babu wanda ya fito daga daji ya ce ya gan shi.

A dangin su Inna akwai wata al'ada: in mutum ya yi tafiya, ba a share ɗakinsa, ba a kuma rufe masa ƙofa, sai ya dawo. Malamai sun sha cewa camfi ne, Juwairiyya ma ta san camfi ne. Amma wa zai kalli tsohuwar nan ya faɗa mata? Ƙofar ɗakin Auta ta zauna a buɗe, labule kawai aka saki. A bayan labulen sawun takalminsa guda biyar suka bushe a kan farin tayil, uku na shiga, biyu na fita. Duk wanda ya zo da niyyar yi wa Inna ta'aziyya, tun kafin ya gama zama take tare shi.

"Gaisuwar me? Ɗana tafiya ya yi."

Da waɗannan sawu biyar take rayuwa. Kullum bayan sallar asuba sai ta ɗaga labulen ta dube su, ta sake shi, sannan ta iya karyawa.

Sauran gidan kuwa shara yake sha kamar an yi mata wahayi. Farin tayil ba ya rufa wa kowa asiri, ƙura kaɗan sai ta nuna, Inna kuma ta ce ba za a zo a tarar da aikin ɗanta da datti ba. Sau biyu a rana take duƙawa da guntuwar tsintsiyarta, ga ciwon baya da likita ya ce duƙawa ce ke ƙara tsananta shi. Juwairiyya ta sayo mata mai dogon mariƙi, ta ce wannan ta ragwaye ce. Ta ce za ta riƙa biyowa daga gidanta ta yi mata sharar kafin ta wuce makaranta, amma ko da wane lokaci ta iso sai ta tarar an riga an share. Wata safiya ta shigo ta same ta zaune dirshan a tsakiyar falo, tsintsiya a hannu, ta kasa miƙewa, tana hawaye ba sauti. Ranar Juwairiyya ta koyar da darasi uku ba ta san abin da ta faɗa ba.

A ofishin malamai ne wata abokiyar aikinta ta nuna mata bidiyon wata na'ura a waya. Abu ne zagayayye kamar faifai, yana yawo da kansa a ƙasa, yana zuƙe ƙura, yana jan jiƙaƙƙen tsumma a bayansa. Sauran malamai suka yi ta dariya, wai Turawa sun gama lalacewa. Ita ba ta yi dariya ba. Ta ga tayil ɗin Auta, sumul ba tudu ba kwari, ta ga ɗan solan da ke kan rufin Inna wanda zai iya cajinsa. In aka riga Inna share falon, me za ta duƙa ta share?

Kuɗinsa ya fi ƙarfin albashinta, sai dai in an yi ragi. Aka ce mata ai masu sayarwa ta intanet suna zabge farashi in Sallah ta matso. To, a nan suka haɗu da 'yar ma'auni.

Tun kafin azumi ta fara. Sabis a garin sai an yi dabara, don haka kullum in an tashi hutun tara sai ta je gindin tankin ruwan makaranta, inda waya ke ɗan kamawa, ta ɗauki hoton farashin kowane shago ta ajiye. Goman ƙarshe na azumi sai ga tallace-tallace da jan rubutu, an rage rabi, saura kwana biyu, saura guda uku. Ta buɗe tsofaffin hotunanta ta gwada. Ashe mako biyu kafin nan sun ninka kuɗin a ɓoye, yanzu suka dawo da shi inda yake suna kiran sa ragi. Ta yi tsaki har mai gadin makaranta ya waiwayo. Wani ya ce ta tura kuɗi tukuna, da ta tambayi inda shagonsa yake sai ya fara yi mata wa'azi a kan yarda da juna. Wani kuma duk masu yabon kayansa da kalmomi iri ɗaya suka yabe shi, har kuskuren rubutunsu ɗaya. Malamar da ta shekara goma sha biyar tana kama masu kwafar amsa za a kawo wa wannan? Ƙaramar Sallah ta zo ta wuce ba ta saya ba, bayan Inna kuwa kullum ƙara rankwafawa yake. Wannan jinkiri ya dame ta ƙwarai, amma ta kasa sa kanta ta sayi abin da ba ta yarda da shi ba.

Ana saura mako uku Babbar Sallah ta dace da wata mai shago a Kaduna, Hajiya Muslimat, wadda farashinta bai motsa ba tun kafin azumi, yanzu kuma ya sauka da gaske. Juwairiyya ta kira ta ta bidiyo. Ta sa ta nuna mata ƙofar shagon da maƙwabtansa, ta juya kwalin ta ga ba a taɓa ɓare shi ba, ta karanto mata takardar garanti layi-layi.

"Hajiya, cajin sola zai ɗauke shi?"

"Zai ɗauka, Malama."

"In wani abu ya lalace, akwai kayan gyaransa a nan ƙasar, ko sai an jira jirgi?"

"Ga su nan a bayana, kin gan su."

"To in ya iso bango fa?"

"Yana isa zai juya da kansa. Malama, wallahi ko mai sayen mota bai yi mini tambayoyinki ba."

Suka yi dariya. Aka ba wani direba ya taho da shi, ta buɗe kwalin a tasha a gabansa, ta kunna ta ga yana motsi, sannan ta biya. Wata uku tana wannan farauta, kuma ba a cuce ta da ko sisi ba. Ta rungumo kwalin zuwa gidanta, inda za ta ajiye shi sai ranar da Inna ta fita, tana jin wani daɗi da rabonta da shi tun kafin a ɗauke Auta.

Washegarin Sallah da hantsi Inna ta tafi gidan ƙaninta, Kawu Labaran, yin barka da Sallah. Juwairiyya ta ga dama ta samu: Inna ta dawo ta tarar da falo yana ƙyalli, gardama ta ƙare. Ta zuba wa na'urar ruwa, ta ɗaura mata tsummanta, ta ajiye ta a tsakiyar falo. Sai idonta ya faɗa kan ɗakin Auta. Ta je har ta kama ƙofar za ta jawo, hannunta ya ƙi. Shekara uku ba wanda ya rufe ta, ba ita za ta fara ba. Ta gyara labulen, mai kauri ne, har ƙasa yake ja, ta ja shi ya rufe ko'ina ruf. A ranta ta ce ai ga bango nan.

Ta danna maɓalli. Ta tsaya ta ga abin ya tafi ya taɓa bango ya juyo, ya taɓa ƙafar kujera ya kauce, daidai yadda aka faɗa mata. Hankalinta ya kwanta, ta fita tsakar gida wajen suyar naman layya, ta biye wa mai da wuta da hirar maƙwabta ta kan katanga.

Da ta kwashe kasko na biyu ta leƙo. Falo fes, sai ɗaukar ido yake. Na'urar ce ba ta gani ba. Ta duba ƙarƙashin kujera, ta duba ɗakin Inna. Sannan ta ji ƙugin yana fitowa daga bayan labule.

Ta tambayi sola, ta tambayi garanti, ta tambayi bango. Labule ne bai zo mata a rai ba, don a gidan nan shekara uku ko kaza ba ta taɓa ƙetare shi ba.

Ta ɗaga shi. Tayil ɗin ɗakin ya fito fari tas kamar ranar da aka shimfiɗa shi, da ɗan danshi a kai, abin kuma yana can ƙurya yana ta aikinsa. Ta yi tsalle ta danne shi da hannu biyu kamar mai kama ɓarawo, ta kashe. Ta ɓalle akwatin ƙurar, ta zazzage a ƙasa. Jar ƙasar tana ciki, ta zama gari, ta cakuɗe da ƙurar falo da zaren tabarma. Ta durƙusa ta fara tara ta da gefen hannu, tana ƙoƙarin fitar da siffar takalmi, nan dunduniya, nan gaba. Mace mai hankali, malamar lissafi, tana zana sawun ƙaninta da yatsa tana kuka. Ko na farkon bai yi kama ba.

Ba ta ji sallamar Inna ba. Inuwarta kawai ta gani a bakin ƙofa, da ƙullin nama a hannu.

Inna ta daɗe tana kallon ƙasan ɗakin. Ba ta yi salati ba, ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi sauƙi.

"Ke, mene ne wannan?"

"Inna, na'urar shara ce. Saboda bayanki na saya. Wallahi na ja labulen, na ɗauka ba za ta..."

"Bai bar ko ɗaya ba?"

"Ko ɗaya, Inna. Ki yafe mini."

Tsohuwar ta ajiye ƙullin naman a kan kujera. Ta fita, ta dawo da guntuwar tsintsiyarta. Juwairiyya ta miƙa hannu za ta karɓa, ta girgiza kai. Ta dafa gwiwa ta duƙa a hankali, ta share ɗan tarin jar ƙasar da 'yarta ta zana, ta kwashe a tafin hannu, ta ƙulle a bakin mayafinta. Da ƙyar ta miƙe, sai da ta kama bango.

"Tashi ki wanke fuskarki," in ji ta. "Ki je gidan kawunki, ki ce na ce ya sanar da mutanenmu na Damari. Jibi in Allah Ya kai mu zan zauna karɓar gaisuwa."

Juwairiyya ta yafa mayafi ta fito. Unguwa cike take da ƙanshin suya da mutane cikin sababbin kaya, kowa ta gamu da shi sai ya ce mata barka da Sallah, ita kuma tana amsawa, har ta iso ƙofar gidan Kawu Labaran ta tsaya, ta rasa da wace kalma za ta fara.