Ruwan Alwala a Gindin Ƙarfe

Ni ban yi boko ba, allo ma iyakata abin da zan yi salla da shi. Amma duk garinmu, nan gefen Maruta, babu macen da ta taɓa magana ta rediyo aka amsa mata sai ni. Shi ya sa na zaunar da matar ɗana na ce ta rubuta yadda aka yi tun ina da bakin faɗa, kafin masu ƙarin gishiri su karɓe labarin.

Mu biyu muka rage a ɗakinmu, ni da ƙanena. Ni na goye shi, ni na koya masa tatsa. Da gonaki suka cinye burtali kiwo ya yi wuya a nan, sai ya kaɗa shanunsa ya yi kudu, har ya dangana da duwatsun da ke iyakar Kamaru. Da baƙin gemu ya tafi. Daga nan labarinsa sai a bakin fataken shanu: yana nan, ya yi furfura, ya aurar da 'ya'ya. Da wayar hannu ta zo na ce shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi. Ashe inda yake babu sabis. Ina riƙe da waya ina gaisawa da kowa, ban da wanda nake so in ji. Ga shekaru sun ja, nawa da nasa.

Ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, Malam nake ce masa, yana koyar da aikin lantarki a Birnin Kudu. Tun yana ƙarami ba ya ganin abu mai waya ya ƙyale, rediyon mahaifinsa ma sai da ya farke cikinta ya ga mai magana. Da ya girma ya samo lasisin gwamnati na wata irin rediyo da ba saurare kawai ake yi ba, kai ma kana magana, masu irinta a nesa su amsa. Gidansa na birni matsattse ne, ita kuwa eriyar abin doguwar waya ce. Sai ya kwaso kayan ya kawo mini, ƙarshen damina, ana shirin yankan gero.

Na ce, “Malam, wannan igiyar shanyar ta mutanen gari nawa ce?”

Ya ce, “Inna, kin san tsirkiyar garaya. Gajera ƙararta siririya ce, doguwa muryarta kauri gare ta. Muryar da nake so in aika mai kauri ce, ita ke tsallake duwatsu. Dole sai doguwar waya.”

Na gane wannan sarai. Ya ɗaura wayar daga tagar ɗakin baƙi ta hau tsamiya, daga tsamiya ta miƙe har ɗorawar bakin gona. Ya kawo wata sandar jan ƙarfe ya kafa a ƙasa, ya buga ta har sai ɗan kanta ya rage, daidai gefen dutsen da nake zama in yi alwala. Ya haɗa ta da akwatin rediyon da wata waya daban.

Sai aikin da ya fi ba ni dariya. A jikin akwatin akwai wani ɗan agogo mai hannu ɗaya. In tsawon waya bai yi daidai ba, in ji shi, muryar ba ta fita, dawowa take yi cikin akwati, kamar ka yi kira a bakin rijiya. Hannun agogon ke nuna haka: in ya miƙe dama, murya ta dawo, in ya kwanta hagu, ta tafi. Sai ya sauke waya, ya datse kamar tsawon yatsa, ya ɗaga, ya koma ɗaki ya duba. Ya fito ya sake saukewa. Haka ya wuni yana safa tsakanin ɗorawa da taga, babban malami mai ɗalibai, rigarsa duk ƙaiƙayi. Da hannun ya kwanta, ya yi kabbara kamar an yi masa haihuwa.

Da zai koma ya nuna mini kan ƙarfen nan ya ce, “Inna, ki kula mini da wannan.”

To, ni in aka ba ni amana ba na wasa da ita. Kuma ni na san ƙarfe. Fartanya, lauje, wuƙar yankan kabewa, duk wanda ka bari a danshi tsatsa ta ci shi. Ban da haka, shi da bakinsa ya sha gaya mini kada in taɓa abin lantarki da jiƙaƙƙen hannu. Na duba na ga yaron nan da iliminsa ya kafa ƙarfe a inda ruwan alwalata ke gangarawa sau biyar a rana. Na ce Allah sarki, hankalinsa yana sama wajen waya. Na sa aka gusar da dutsen alwalar can bayan rumbu. Na tare magudanar, na zuba busasshen yashi da toka a gindin ƙarfen, na kife masa fasasshiyar tukunya. Ko raɓa ba ta isa ta taɓa shi ba.

Ana cikin bazara Malam ya kira ni. Cikin abokansa na rediyo akwai wani malamin asibiti a wani ƙauye can cikin duwatsun. Sun yi ta cigiya har aka gano ƙanena. Yakan sauko kasuwar ƙauyen sayen gishiri da kanwa kafin ruwan farko, daga nan ya haura da shanu, ba a sake ganinsa sai wata shekarar. An shirya zai zo asibitin da sassafe ranar kasuwa, don irin wannan murya ta fi tafiya kafin rana ta ɗaga. In ta wuce, ta wuce.

Malam ya iso ana gobe kasuwar, bayan azahar. Ya kunna akwati, hannun agogo ya miƙe dama ya tsaya ƙyam. Ya ce wataƙila zafi ne ya sa wayar ta saki ta ƙara tsawo. Ya sauke ya datse. Hannu bai motsa ba. Ya sake datsewa, abin ya ƙara lalacewa. Ina zaune a inuwar tsamiya ina kallonsa, na kasa ko tsinke zogalen da ke gabana. Na riga na shirya abin da zan ce wa ƙanena, na jera shi a raina tun daga gaisuwa har sallama.

Maƙwabciyata, ƙawata tun muna amare, ta leƙo ta katanga ta ce, “Yau kuma aljanun ba su amsa ba?”

Na ce, “Naki aljanun da ke sa ki leƙen gidan mutane su dai kullum suna amsawa.”

La'asar ta yi, Malam ya ɗauki buta ya nufi inda ya san dutse yake. Ya tsaya. Ya ce, “Inna, ina dutsen alwala?”

“Yana bayan rumbu.”

“Wannan tukunyar fa?”

“Ƙarfenka ne a ciki. Ka ce in kula da shi. Ɗaga ka gani, ko ɗigon tsatsa babu.”

Ya ɗaga tukunyar. Ya sa hannu ya damƙi toka, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya daɗe a tsugune. Na zaci kuka zai yi, sai na ga kafaɗunsa suna rawa, ashe dariya ce ta ci ƙarfinsa.

“Inna, da gangan na kafa shi a nan. Wayar sama rabin eriyar ce, ɗaya rabin ƙasa ce, kuma sai da danshi take aiki. Ruwan alwalarki nake so ya riƙa sha.”

Na ce, “To ka ce in kula, ko ka ce in shayar? Hausa ba ta ƙare maka ba ai. Da ka ce shayar, da yanzu ya yi ganye.”

Ya ce, “Gaskiyarki, Inna. Bakina ne ya gaza.”

Har gobe a kan wannan nake. Amma ban tsaya jan magana ba, na miƙe. Muka kwashe yashi da toka, ya sassauta ƙasar da fartanya. Na juye randata kaf. Ƙasar bazara ta shanye kamar ba a zuba ba. Maƙwabciyar nan da ke tsokanata ita ta fara miƙo tulunta ta katanga, ta kuma aika aka gaya wa matan unguwa. Kowacce ta zo da abin da take da shi, a lokacin da rijiya sai an yi dogon guga. Wata tana zubawa tana cewa, “Allah ya raya, Allah ya sa mu ci 'ya'yansa.” Malam ya ce a jiƙa kanwa a ƙara, wai tana taimakawa. Na kawo ta miyata.

Saura wayar da ya datse, don yanzu ta gajarce. Ya tsince guntayen a gindin ɗorawa, ya murɗa su ya ƙulla, ya ɗaga, ya duba, ya sauke, ya ƙara. Wannan karon ni ce a bakin taga ina kallon agogon ina yi masa kira. “Ya ɗan sunkuya! Ƙara kaɗan! Kai, ya tashi, rage!” Ana kiran magariba hannun ya kwanta hagu.

Da asuba na yi alwalata a gindin ƙarfen, don an dawo da dutse. Gari ya fara haske muka zauna gaban akwati. Sai shuuu kamar ana sheƙar gero, can ƙasa muryar malamin asibitin. Suka yi maganarsu ta masu rediyo. Malam ya miƙo mini abin magana ya ce in danna in yi magana, in na gama in saki, don ba a magana biyu a lokaci guda.

Na danna. Duk abin da na jera ya gudu. Na ce, “Kai ne?” Na riƙe gam, sai da Malam ya ɓamɓare yatsana.

Shuuu. Sai wata tsohuwar murya, irin ta mahaifinmu sak, ta ce, “Adda. Adda, ashe kina nan?”

Rabon da a kira ni Adda tun tafiyarsa. Nan kowa Inna, kowa Hajiya.

Na tambaye shi ƙafarsa da bijimi ya taɓa takawa, ya ce tana tashi in an yi sanyi. Ya tambayi tsamiya, na ce ga muryarsa ma a kanta take sauka. Na faɗa masa waɗanda suka rasu, muka yi musu addu'a, ina saki yana cewa amin. Na ce ya yafe mini, ya ce in yafe masa. Da na karɓi magana na daɗe ban saki ba, da na saki sai ya ce, “Wannan na'ura Allah ya yi wa mai ita albarka. Yau ce rana ta farko da Adda ta yi shiru na gama zancena.” Muka yi dariya, ni a nan shi a can, har rana ta ɗaga muryar ta yi ta nisa ta nutse cikin shuuu.

Na gode wa Allah da ya ba ni ɗa mai farke rediyo. Na gode wa malamin asibitin da ban taɓa ganin fuskarsa ba, da matan da suka juye tulunansu a bazara saboda ƙanen wata. An ce in Allah ya kai mu baɗi, ƙanena zai sake saukowa sayen gishiri kafin ruwan farko. Ni dai tukunyar nan na ba kaji suna shan ruwa a ciki, kuma ko na idar da alwala da sauran ruwa a buta, a gindin ƙarfen nake juye shi.