Kumfar Kududdufin Hanyar Wudil

Jiya jikata ta buɗe kwalbar lemo, kumfa ta taso. Nan take na tuna Goggo, yayar mahaifina.

Saura 'yan shekaru Turawa su bar ƙasar nan, ina yarinya, ni da ita muka taso daga Indabo za mu cin kasuwar Wudil. Rana ta take, ƙishirwa ta dame ni. Da na hango wani kududdufi a bakin hanya sai na ruga, na durƙusa na kamfato ruwa da hannu. Goggo ta fizgo ni har na faɗi zaune.

"Ke! Ba kya ganin ruwan nan yana kumfa shi kaɗai? Ba iska, ba wanda ya taɓa shi. Wani abu ne ke ruɓewa a ƙasa, warinsa yake neman hanyar fita."

Na ce ai kifi ne. Sai ta samo dogon reshe ta caka daidai wurin. Ruwan ya ɓulɓulo, sai ga mushen akuya ya taso daga laka, ya kumbura suntum, gashin duk ya saɓule. Wari ya buge ni, na yi ta kwara amai. Goggo tana tofar da yawu ta dirje min hannuwa da yashi. Ba mu tafi ba sai da ta jawo ƙaya ta tare bakin ruwan saboda masu zuwa a baya.

Allah ya jiƙanki, Goggo, ya shayar da ke ruwan Alkausara.